Abin da ke cikin mahaɗin endoskof, da dalilin da ya sa ba a ƙera shi da ka

Wani matashin injiniya da ke sashen gyaran kayan asibiti ya aiko da tambaya. Endoskof ɗinsu na duba ciki, wato doguwar na'ura mai kyamara da ake zurawa cikin jikin majiyyaci, ya fara yi musu wasa da hoto, yau ya kawo gobe ya ɗauke, daga baya ya mutu gaba ɗaya. Masu gyara suka ce ruwa ne ya shiga ta mahaɗin da ake jonawa a akwatin haske, suka kuma yanka kuɗin da ya tayar wa shugabannin asibitin hankali. Yana so ya san me ke cikin wannan dunƙulen har yake da tsada haka, me masu zana shi suke lura da shi, kuma ko za a iya kai shi wajen masu injin sassaƙa ƙarfe su yi irinsa.

Ƙanena, tambayarka ta ƙarshe zan bar ta sai mun zagayo, domin amsarta tana cikin sauran. Ka ɗauki mahaɗin a hannunka ka jujjuya shi. Ta wannan wuri guda haske yake shiga, iskar da ke buɗe cikin majiyyaci take shiga, ruwan wanke gilashin gaba yake shiga, ƙazantar da aka zuƙo take fita, wutar da ke ciyar da kyamara take shiga, hoton kuma yake fitowa. A yawancin samfura akwai ƙarin ƙofar ruwan feshi, da wata 'yar ƙofar numfashi da ake gwajin yoyo ta cikinta. Da an gama da majiyyaci kuma za a ɗauki na'urar sukutum, har da mahaɗin, a tsoma a ruwan sabulu, a goge, a jiƙa cikin magani mai cin roba da ƙarfe, a ɗauraye, a busar, a sake jonawa. Fulogin kwamfuta ba ya ganin irin wannan ko sau ɗaya har ya tsufa. Shi ya sa nake gaya wa duk wanda na koya wa aikin nan cewa a ɗakin wanki ake sanin ko zanen mahaɗi ya yi kyau.

Da can ƙaramin ƙwan fitila ake maƙalawa a bakin na'urar, ya shiga cikin mutum da zafinsa. A 1957 Basil Hirschowitz da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan ta Amurka suka fito da na'urar duba ciki mai zaren gilashi wadda take lanƙwasuwa. A 1960 Karl Storz a Jamus ya mayar da fitilar cikin akwati a waje, ya bar zaren gilashi ya ɗauki hasken ya kai ciki, daga nan buƙatar mahaɗi ta taso. A 1983 kamfanin Welch Allyn ya sa idon kyamara na lantarki a bakin na'urar, sai wayoyi suka biyo bayan haske suka cunkushe a wuri ɗaya.

Mu fara da doguwar sandar da ta fito a gaban mahaɗin. A cikinta akwai dubban zaren gilashi, kowanne bai kai kaurin gashin kai ba, an ɗaure su an goge bakinsu ya yi sumul. Fitilar zenon mai ƙarfin wat 300, irin wadda asibitoci da yawa ke amfani da ita har yanzu, tana tattara haskenta kaf a kan wannan ɗan bakin da faɗinsa bai wuce 'yan milimita ba. Abin da bai shiga zaren ba zafi yake zama. Tsakanin zare da zare akwai rata, idan da gam aka cike ta to gam ɗin yana ƙonewa a hankali, ya yi ja, ya yi baƙi, haske ya riƙa raguwa ba tare da an lura ba. Masu kyakkyawan zane ko dai su narke bakin zaren ya haɗe ba gam, ko su sa wata 'yar sandar gilashi a gaba ta karɓi zafin ta kuma rarraba hasken daidai. Zaren gilashi kuma ba daga kowace kusurwa yake karɓar haske ba, don haka sandar dole ta tsaya cak a inda gilashin fitilar ya tattara hasken. Ta kauce da ƙasa da milimita ɗaya, hoto ya yi duhu, ƙarfen ya yi zafin da zai ƙona yatsa. Fitilun LED sun rage zafin, ba su kawar da shi ba. A endoskof mai tauri na tiyata za ka ga sandar hasken tana da zobba masu warwaruwa, ɗaya don igiyar Storz, ɗaya don ta Wolf, gindin kuma na ACMI ne. Wannan gadon lokacin da kowane kamfani ya yi nasa awon ne, kuma ƙarƙashin zobban nan datti yake ɓuya idan ba a warware su wajen wanki ba.

Wurin da injiniyan ƙarfe yake shan wahala shi ne shigar da abubuwa masu tauri guda uku cikin ramuka uku a turawa ɗaya: sandar haske, bututun iska, da haƙoran lantarki. Babu injin da ke sassaƙa abu daidai cif da awon takarda, kowane ɓangare yana da ɗan kaucewarsa, kuma kaucewar tana taruwa. Idan aka kafe ukun duka da ƙarfi, wata rana wani endoskof zai ƙi shiga wani akwati, ko ya shiga yana murƙushe haƙora. Abin da ake yi shi ne a zaɓi ɗaya ya zama jagora, yawanci sandar haske tunda ita ce mafi tsawo kuma mafi buƙatar daidaito, sauran a bar musu ɗan wasa a kan sifirin ko roba, a fiƙe bakin ramukansu yadda za su jawo abokin haɗinsu da kansu. Ana kuma tsara wanda zai riga taɓawa. Jagora ya fara kamawa, sai wayar ƙasa mai zubar da rarar wuta, sai wutar ciyarwa da wayoyin hoto. Dalilin sa wayar ƙasa a gaba shi ne wutar da ke taruwa a jikin mutum, wadda kan yi maka tartsatsi idan ka taɓa ƙofar mota lokacin hunturu, tana iya kashe idon kyamara nan take idan ta wayar hoto ta fara bi.

Haƙoran kansu ana shafe su da zinariya a kan nikel, zinariya don ba ta tsatsa, nikel don ya hana jan ƙarfen da ke ƙarƙashi ratsowa sama ya kuma ba shafen ƙwari. Ana zana su su ɗan goga juna wajen shiga, gogar ce ke share datti, amma ita ce kuma ke cinye shafen. Ka yi lissafi: na'urar da ake aiki da ita sau 5 a rana, kwana 250 a shekara, an jona ta an cire sau 1,250 kafin shekara ta zagayo. Mai zane yana sa kaurin zinariya da ƙarfin sifirin ne da wannan lissafin a gabansa. Akwai kuma maganar rai. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta tsaron kayan lantarkin asibiti, IEC 60601-1, tare da 60601-2-18 da ta keɓanta da endoskof, ta iyakance wutar da za ta iya zurarewa ta jikin majiyyaci. Ga kayan ajin BF, inda yawancin endoskof na ciki suke, iyakar maikro'amfiya 100 ce idan komai lafiya, 500 idan abu ɗaya ya lalace (maikro'amfiya kashi ɗaya ce cikin miliyan na amfiya, awon ƙarfin gudun wuta). Ga ajin CF mai kusantar zuciya kuwa 10 ce da 50. Katangar da ke raba majiyyaci da wutar bango tana cikin akwatin sarrafa hoto, amma mahaɗi na iya rushe ta idan tazarar da ke tsakanin haƙora da ƙarfen waje ta yi kaɗan, ko danshi mai gishiri ya kwanta a tsakani ya zama gada. Sannan likita yana yankan tsiro da wutar tiyata ta cikin bututun na'urar, wuta mai kaɗawa sau ɗaruruwan dubbai a daƙiƙa, gab da siraran wayoyin hoto. Idan rigar ƙarfen da ke kare wayoyin ba ta haɗu da jikin akwatin sosai ta mahaɗi ba, hoto zai cika da layuka a daidai lokacin da likita ya fi buƙatar gani.

Yanzu ga abin da ya kashe na'urarku. Cikin endoskof mai lanƙwasa fili ne guda ɗaya tun daga mahaɗi har bakin da ke shiga jiki. Bututun ruwa da na iska da na zuƙa suna ratsa wannan filin a rufe, a gefensu kuma ga zaren haske, ga wayoyin hoto, ga wayoyin ƙarfe huɗu da ke juya bakin sama da ƙasa, dama da hagu. Ruwa ya shiga filin nan ta ko'ina, to ya shiga ko'ina. Wayoyin juyawa su yi tsatsa su yi tauri, zaren gilashi ya yi rauni ya riƙa karyewa, allon lantarki ya ci. Ɓarnar ba ta bayyana rana ɗaya, shi ya sa hoton ya yi ta zuwa yana ɗaukewa kafin ya mutu.

To me zai hana a toshe filin gaba ɗaya a huta? Abu biyu. Na farko, ana buƙatar hanyar hura masa iska don a gwada ko akwai huda. Na biyu, idan za a kashe ƙwayoyin cuta da iskar etilin oksaid ko tururin haidirojin feroksaid, ana zuƙe iskar cikin injin, sai iskar da ke cikin endoskof ta kumbura ta fasa siririyar robar da ke lulluɓe da wurin lanƙwasa. Don haka dole a sami ƙofar da take buɗe wa iska a wani lokaci, ta rufe wa ruwa a wani lokaci. A wasu samfura bawul ne mai sifirin a jikin mahaɗin, a rufe yake sai an ɗaura masa abin gwaji ko murfin numfashi. A tsofaffin samfura da yawa, irin jerin 160 da 180 na kamfanin Olympus, kan lantarkin a buɗe yake, sai an ɗaura masa murfin hana ruwa kafin a tsoma, ƙofar gwajin ma a jikin murfin take. Irin waɗannan suna da yawa a kasuwar kayan da aka yi amfani da su, inda asibitoci masu ƙaramin ƙarfi kan saya.

A ganina wannan murfin shi ne babban raunin tsohon zane, domin ya jingina lafiyar na'ura mai tsadar gaske a kan tunawar ma'aikaciyar jinya da ta wuni a tsaye. Ba na ɗora wa wadda ta manta laifi. Zanen da yake buƙatar mutum kada ya taɓa mantuwa, shi ne mai laifin. Kamfanonin ma sun gane haka. A 2012 Olympus ya fito da jerin 190 na EVIS EXERA III da mahaɗi mai turawa ɗaya, wanda haƙoransa shafaffu ne da aka dasa cikin roba, ana tsoma shi ba murfi. Fujifilm a jerinsa na 700 ya wuce nan, ya cire haƙoran ma: wuta tana tsallakawa ta maganaɗisu tsakanin naɗin waya biyu, hoto yana fita ta hasken leza, umarnin maɓallai kuma ta hasken infrared. Ba ƙarfen da zai yi tsatsa, ba shafen da zai goge, sai dai tagogin gilashi da dole a riƙa gogewa, da ƙarin lantarki a cikin mahaɗin da ke ƙara masa zafi da tsada. Pentax kuma ya sa mahaɗinsa yana juyawa, don igiyar kada ta murɗe a gindinta idan likita yana juya na'urar.

Kayan ƙira ba zan daɗe a kansu ba, amma su ne ke kayar da mai kwaikwayo. Endoskof mai lanƙwasa ba ya jure zafin da ya wuce kimanin digiri 60, don haka da magani ake tsarkake shi: gulutaraldehaid mai kashi 2 cikin ɗari, ko OPA mai kashi 0.55, ko ferasetik asid. Mai tauri kuwa tururi mai digiri 134 yake shiga, shi ya sa tagoginsa na dutsen safaya mai tauri ne da aka liƙe da ƙarfe, ba da gam ba. Ƙarfe marar tsatsa irin 316L yana jure wannan, duk da haka ruwan gishiri idan ya bushe a lungu yana huda shi. Alminiyam mai launi yana kodewa a sabulu mai kaifi. Robobi masu tauri irin PEEK da PPSU suna daɗewa, wasu masu arha kuma suna tsagewa a daidai inda noti ya matse su da zarar magani ya taɓa su. Zoben roba ana matse shi kamar kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na kaurinsa, kuma irin robar, ko silikon ko EPDM ko FKM, ya danganta da maganin da zai sha. Zoben famfo mai girma ɗaya zai zauna daram a ramin, ya kumbura ko ya bushe bayan 'yan watanni.

Ɓangaren da ya fi damuna shi ne ƙofofin ruwa, domin kuskuren lantarki galibi na'ura yake kashewa, na ruwa kuwa cuta yake ɗauka daga mutum zuwa mutum. A Disamba 2008, a asibitin tsofaffin sojoji da ke Murfreesboro a jihar Tennessee ta Amurka, ma'aikata suka ga jini a cikin bututun ruwan feshi na na'urar duba hanji. Bincike ya nuna an sa wa bututun wani kan da ba shi da bawul mai hana ruwa komowa, a maimakon mai bawul ɗin. Kawunan biyu sun yi kama ƙwarai, kuma kowanne yana shiga daidai. Aka kira mutum fiye da 6,000 su zo gwajin ciwon hanta da HIV. Da aka haɗa da matsalolin wanki da aka gano a irin waɗannan asibitoci a Miami da Augusta, adadin ya haura 10,000. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da jagora a kan bawul da mahaɗan ruwa na endoskof, a 2018 kuma ta gargaɗi asibitoci a kan mahaɗan da ake bari a jiki yini guda ana amfani da su ga majiyyata da yawa.

Darasin ga mai zane a fili yake: idan abu biyu bai kamata su haɗu ba, a yi su yadda ba za su shiga juna ba ko an danna. Launi da rubutu ba su isa ba. Kan Luer, irin na bakin sirinji mai zubin kashi 6 cikin ɗari, ya yaɗu a asibiti har ya zama kusan komai na shiga komai, kuma don magance haka aka fito da jerin ƙa'idojin ISO 80369 da suka ba bututun abinci nasa kan, na laka nasa, na jijiya nasa.

Sai lungu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a endoskof tsagar tana inda ƙarfe biyu suka haɗu. Tsakanin 2001 da 2002 an sami ɓarkewar ƙwayar Pseudomonas a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, aka bi sawunta har zuwa na'urorin duba huhu waɗanda bakin ƙofar shigar da kayan aikinsu ya sassauce. Ruwan jiki ya shiga cikin haƙoran murɗin, inda burushi ba ya kaiwa magani ma ba ya ratsawa. Kamfanin da ya ƙera su ya janye samfuran don gyara. Saboda irin wannan, a hanyar da ruwan jiki ke bi ana guje wa murɗi da mataki da ramin da ba ya ɓullewa, a sa zoben roba tun daga baki yadda ba za a bar fili a gabansa ba, a goge cikin bututu ya yi santsi. Injin wanki ma da nasa mahaɗan yake kama kowace ƙofa. Idan aka sa wanda ba nata ba, magani zai bi ta gefe ya zube, injin ya nuna ya gama, bututun kuwa bai ga ko ɗigo ba.

Mun zagayo ga tambayarka. Masu sassaƙa ƙarfe na iya fitar maka da siffar, ban raina gwanintarsu ba. Abin da ba za su iya ba ka ba shi ne shaidar cewa ƙarfen da robar za su jure maganinku, cewa wuta ba ta zurarewa, cewa cikin ƙofar yana wankuwa. Don haka duk abin da ke taɓa hanyar ruwa, ko haƙoran lantarki, ko zoben hana ruwa, kada a ƙera shi a gida, kada kuma a haɗa kan wani kamfani da bututun wani. Abin da za ku iya yi da kanku, kuma yana da amfani sosai, shi ne maratayi da mazauni: ƙugiyar rataye na'urar a tsaye, da matattarar da za ta riƙe mahaɗin, tunda nauyi gare shi kuma faɗuwarsa ƙasa na lanƙwasa sandar haske ta tsaga jikinsa.

Kafin ku biya kuɗin gyara, ku nemi a buɗe a gaya muku iyakar inda danshin ya kai. Idan ya taɓa wayoyin juyawa da zaren haske, sauya mahaɗi kaɗai ba zai daɗe ba, kuma gara ku san haka tun yanzu ku auna da kuɗin wata na'urar. Idan ta dawo, gwajin yoyo ya zama bayan kowane majiyyaci, kafin wanki: a ɗaura abin gwajin a bushe, a hura iska tukuna sannan a tsoma, a juya bakin ta kowace fuska ana duban kumfa, kada a cire abin gwajin a cikin ruwa, a fito da na'urar sannan a saki iskar. Ku sayi murfin hana ruwa fiye da ɗaya, ku riƙa duba zobensa da cikinsa, domin jiƙaƙƙen murfi da kansa yake kai ruwa kan haƙora. Kada a jona mahaɗi sai ya bushe sarai, kuma akwatin yana kashe. Ranar da za ku sayi wata, ko ta hannu ce, ka tambayi mai sayarwa ko mahaɗinta na buƙatar murfi, ko ya dace da akwatin da kuke da shi, da kuma ko kamfanin yana sayar da kayan gyaran wannan samfurin har yanzu.